Wanne Ya Fi A Cikin Bakwai Ɗin

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau kwana tara da dawowar Auta gida da akwatinta. Ba hutu ta zo ba. Asibitin da take aikin nas sun ce ta zauna a gida sai ranar da kwamiti zai zauna, Alhamis ta mako na uku. Ranar za ta tsaya a gabansu ta faɗi abin da ya faru da bakinta. In ba ta je ba, ko ta je ta yi shiru, za su rubuta abin da suka ga dama su karɓe takardar aikinta. To, bakin ne babu. Tun da ta shigo gidan nan ba ta ce uffan ba. Gaisuwa ma da ka take yi.

Ni ban raini 'ya'yana a kan gaisuwa da ka ba. Amma na haɗiye.

Talata, bayan la'asar

Matar mai kanti ta shigo wai a rage mata hannun riga. Rigar lafiyarta ƙalau. Idonta na kan ƙofar ɗakin Auta ta ce, “Ashe nas ɗinmu tana gari? Mun ɗan ji wani labari.” Na ce, “Kunnenki ya fi hannun rigarki tsawo, shi ya kamata a rage.” Ta yi dariyar yaƙe ta kwashi rigarta.

Shekara talatin ina ɗinka kayan makaranta a unguwar nan, ba a taɓa kawo min ƙarar ɗana ko 'yata ba.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Mun kai ta wurin likitar masu damuwa. Likitar yarinya ce ƙarama, na haife ta da jika. Ta ce kada a matsa mata da tambaya, kada a yi mata wa'azi. Da ta ce wa'azi Malam, babansu, ya kalle ni, na ga kallon. Wai a zauna kusa da ita kawai, a kewaye ta da abin da take so tun tana yarinya.

Na ce abin da take so karatu ne. Malam ya yi tari.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Shayi rabin kofi. Burodin ta mayar yadda na kai.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Yayanta ya kira daga inda yake aiki. Bayan gaisuwa ya ce, “Umma, akwatin nan da kika ƙwace yana nan?”

Yana nan mana. Ni ba na yar da abu. Shekara goma sha ɗaya yana saman durowata, tun ranar da Auta ta kawo min sakamakon jarrabawa da ja a ciki. Na'urar gem ce da faya-fayanta bakwai, duk labari ɗaya ne ake ta ja kamar igiyar guga, na ɗaya har na bakwai, yanzu ma wai sun kai sha biyu. Takubba, dodanni, masu sihiri, ƙasashen da Allah bai halitta ba. Da suna yara kullum sai an yi min ihu a falo, shi yana cewa na bakwai ya fi, ita tana cewa na biyar. Na ƙwace, ta yi kuka kwana uku, shekara ta zagayo ta zo ta ɗaya a ajinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban yi nadama ba, kuma ba nadama ce ta sa na hau kujera na sauko da shi ba. Likita ce ta ce.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Malam ya jona wayoyin a talabijin, yayansu na gaya masa ta waya. Abin ya kama, har da kiɗansa. Na buɗe ƙofar ɗakinta, don daga gadonta ana hango falo. Ta juya fuska bango.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ta ƙi zuwa. To, in dutse ya ƙi motsi ai mai ƙafa ya je. Na ajiye ɗinki, na sa tabarau, na zauna a gaban talabijin na ɗaga murya yadda za ta ji: “Tun kuna ƙanana kuke fasa min kunne kan wanne ya fi. Daga yau ni zan duba su ɗaya bayan ɗaya in yanke hukunci, kuma abin da na yanke ya zauna.”

Malam ya sauke jarida ya ce, “Hajiya, ke ce kuwa?” Na ce ya ji da jaridarsa.

Abin riƙewar, wanda suke kira hannu, maɓallansa sun fi na rigar ɗan makaranta yawa. Amma wadda ta ja keken ɗinki shekara talatin ba yatsa ne zai gagare ta ba. Turancinsu ma ina karantawa, ba a banza na gama sakandare ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Yadda nake gwada yadi haka nake gwada su. Ba sai na ɗinka riga ba, bakin nake ja in ga ko zai zare. Ina kallon yadda yaron labarin ke barin gidansu, daga nan na san irin tarbiyyar masu abin.

Na ɗaya: yaron bai da uwa bai da uba, kamar daga sama ya faɗo. Na ajiye.

Na biyu: 'yan matan ciki, tela ya cuce su ko su suka cuci kansu, yadi ko rabin kamu bai kai ba. A cikin ƙanƙara kuma! Na cire.

Na uku: yaron ya durƙusa ya yi wa uwarsa sallama, ta ba shi guzuri, ya yi godiya. Wannan ɗan mutane ne.

Na kira yayansu na ce na bakwai ɗinsa ma na leƙa, yaron ciki uban na magana yana magana. Ya ce, “Umma, ai uban ne mugun labarin!” Na ce ko mugu ne ai uba ne, ya bari ya kai aya.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana goma.

Talata, bayan azahar

Takarda ta zo daga asibiti. Malam ya karanta ya ninke, ya ce a ciki akwai sunan majinyacin gado na shida da lokacin da abin ya faru. Na ce kada ya karanta min. Abin da na sani, 'yata ita kaɗai aka bar wa gadaje talatin a ranar. Sauran ba zan rubuta ba.

Na huɗu hayaniya ce kawai. Na shida kuwa faifan ya goge, yana tsayawa. Na sa na biyar, nata.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

A na biyar mu huɗu ne a tafiya. Akwai jagora, shi nake juyawa. Akwai wata mai haɗa magani da jaka a kafaɗa, yanzu na gane inda aka samo son aikin nas, ni da nake zaton nasihata ce. Akwai tsoho mai sanda. Sai wani ƙaton ɗan maƙeri mai guduma, ba ya maganar komai sai ta ci. Ƙato nake kiransa. Da za mu bar ƙauyensu uwarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mu kula mata da shi, kuma mu tabbata yana cin abinci. Na amsa mata da baki na ce in sha Allahu. Malam ya shiga ɗaki yana dariya.

Na ɓata a wani daji, ina ta zagaye bishiya ɗaya kamar akuyar ɗaure. Sai na ji daga bayana an ce, “Hagu.”

Ban juya ba. Na bi hagu.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Kalma ɗaya. Na je kicin na kunna famfo na tsaya. Albasa nake yankawa, shi ya sa.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Yau a hannun kujera ta zauna. Ta rame, ƙashin wuyanta a waje.

Mun shiga wani gari. Na lura wasan nan yana barin mutum ya faɗa gidan kowa ba sallama, ya buɗe akwatuna, ya leƙa tukwane, masu gida na tsaye suna kallo. Ni tun daga na ɗaya ban taɓa ko ɗaya ba. Na shiga wani gida don tambayar hanya, ga akwati a lungu, na juya zan fita.

Ta ce, “Umma, buɗe.”

Na ce, “Naki ne?”

“Magani ne a ciki. Don ke aka ajiye.”

“Wa ya ce? Ga mai gidan can a tsaye, ya ce in ɗauka?”

“Ba ya magana a kan haka, Umma. Kowa ɗauka yake.”

Na ce, “To ni ba kowa ba ce. Ashe abin da kuke koyo ke nan ina kicin ina fama da tukunya? Ku shiga gidan marayu ku yashe?”

Bakinta ya motsa kaɗan ta gefe. Ba dariya ba ce, amma maƙwabciyarta ce. Ta ce, “Za ki sha wuya a gaba.” Na ce gara wuya da abin kunya.

Ta ci shinkafa, ta bar naman.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gaya wa yayansu. Ya yi dariya har waya ta yanke, ya sake kira. Wai a duk duniya ba a taɓa buga na biyar ba tare da buɗe akwatin kowa ba. Na ce to yanzu an taɓa, kuma uwarsa ce.

Mutanena tsumma suke sawa, takobin jagora duk tsatsa. Amma abin da ke jikinsu duk guminsu ne.

Na ce da Malam ko a yi mata maganar Alhamis. Ya ce a bari.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ba zan yi dogon rubutu ba.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Zan rubuta na jiya, don wanda ya ɓoye laifinsa a littafinsa ma ya kai maƙura.

A kan wata gada muka gamu da babban dodo. Maganin da ya rage mana kwalba ɗaya ce tak, tunda ban ɗauki na mutane ba. Dodon ya maka wa Ƙato, layin da ke nuna ƙarfinsa ya koma ja, saura ƙiris. Auta ta ce, “Ba shi, Umma, yi sauri!” Na buɗe jakar, sunayen huɗu a jere, rubutun ƙanana, kiɗan na ta bugawa, tabarau ya zamo min. Na danna. Ashe layin sama na danna. Jagora, wanda ko ƙwarzane bai yi ba, shi ya shanye maganin. Dodon ya sake ɗaga hannu.

A na biyar wanda ya faɗi ba ya tashi.

Mun kashe dodon daga baya. Na juya in yi magana, na ga Auta ta dafe baki da hannu biyu. Ba talabijin take kallo ba, yatsana take kallo. Nan na gane irin abin da ya faru a asibiti ne na yi a gabanta, ba tare da na nufa ba.

Da ƙyar ta ce, “Ki koma baya. Akwai inda aka ajiye wasan kafin gadar. In kin koma kamar ba a yi ba.”

Na ce, “An yi.”

Ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Malam ya ce, “Hajiya, wasa ne fa. Ki mayar mata da ƙaton nan a zauna lafiya.” Ban taɓa jin muryarsa da zafi haka ba. Ya ce na rushe abin da aka yi kwana tara ana ginawa saboda taurin kai.

Wataƙila. Amma in na danna na goge, me na gaya mata? Cewa gyara ɗaya ne, a koma kamar ba a yi ba? Ita kuma da ba ta da wannan maɓallin fa?

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ƙofa a rufe. Abincin rana yana nan a bakin ƙofa.

Na juya da mutanena uku muka kama hanyar ƙauyen Ƙato. Wasan yana ta nuna min gaba da kibiya, ni ina komawa baya. Amana aka ba ni a bakin ƙofa, a bakin ƙofa zan kai bayani. Na ƙara sautin don a ji daga ɗaki.

Saura kwana uku. Ya Allah, in na yi kuskure kada ka kama ta da shi.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na sake ɓata a dajin nan. Ba wanda ya ce min hagu. Na fita da kaina.

Wajen la'asar na iso ƙauyen. Uwar Ƙato tana nan a bakin ƙofarta inda na bar ta. Na ji ƙofar ɗaki ta buɗe a bayana, ban waiwaya ba. Na matsa kusa da matar na danna don mu yi magana. Ta ce, “Ɗana yana cin abinci kuwa? Ku kula min da shi.”

Na sake dannawa. “Ɗana yana cin abinci kuwa? Ku kula min da shi.”

Auta ta ce daga baya, murya a dushe, “Ba ta san komai ba, Umma. Ba a rubuta mata wata magana ba. Ba mai dawowa nan.”

Na ce ita ba a rubuta mata ba, ni ai ina da baki. Na ajiye hannun gem a cinya, na gyara mayafi, na fuskanci talabijin. Na ce, “Baiwar Allah, ɗanki ya rasu. A hannuna ya rasu. Magani ɗaya gare ni, na ba wanda ba shi ne mai buƙata ba. Ban yi da gangan ba, amma yatsana ne. Ni kaɗai ce a kan mutum huɗu, rubutun ƙanana, ana ta azalzala ta, wannan ma gaskiya ne kuma zan faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ban zo ki yafe min dole ba. Na zo ne kada ki ji a bakin wani.”

Matar tana nan tana kallona da idon zane.

Sai na ji kan Auta a kan gwiwata. Rabon da ta yi haka tun tana firamare. Ta yi kuka irin wanda ake yi da dukan ciki, ta jiƙa min zane. Sannan ta fara magana. Ta yi ta yi, tun daga farkon ranar har ƙarshenta, ba ta tsallake nata ba, ba ta ƙara wa kowa nasa ba. Malam ya leƙo ya koma da sanɗa.

Abin da ta faɗa nata ne. Ba na littafin nan ba ne.

Ban yi wa'azi ba. A rubuta min wannan.

Laraba, ƙarfe tara na safe

“Ina kwana, Umma.” Har ƙasa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta wanke farar rigarta ta aiki, na goge mata da kaina, na ƙara ɗinke aljihun da ya fara zarewa. Ta zauna a tebur tana rubuta abin da za ta faɗa, ta yaga, ta ce da ka za ta yi.

Yayansu ya kira, aka sa wayar a fili. Ya ce, “To alƙaliya, a yanke mana hukunci. Wanne ya fi?” Malam ya ce shi dai na shida ya zaɓa, tunda shi ne ba ya kamawa. Na ce na uku, don yaron ciki ya san darajar uwarsa. Yayan ya yi ihu wai an yi maguɗi. Auta ta ce, “Na ukun da minti ashirin kika yi a kansa? Kin fi mako a na biyar.” Na ce ba a tambayar alƙali dalili.

A nan zan faɗi gaskiya: na biyar ne. Amma uwa ba ta bin bayan 'yarta a zaɓi a gaban jama'a, sai kai ya kumbura.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Ta riga ni tashi.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ba su bar mu mun shiga ba. Ni da Malam muka zauna a benci a baranda, ƙofar na fuskantarmu. Can ƙarshen bencin akwai wata mata ita da wani, ga alama ƙaninta ne, hannunta a dunƙule a cinya. Ba wanda ya gaya min ko wace ce, ban kuma tambaya ba. Uwa ta san uwa.

Ta cikin ƙofar ba a jin kalmomi, sai sauti. Na ji muryoyin maza, na ji shiru. Shirun ya yi tsawo har Malam ya fara murza hularsa. Sai na ji tata. A hankali ta fara, ta tsaya, ta ci gaba. Na duba agogon bango. Minti arba'in da biyar 'yata tana magana, sau biyu aka katse ta, sau biyun ta ɗora daga inda ta tsaya.

Da ta fito ta ce sai bayan mako biyu za su aiko da abin da suka yanke. Malam ya miƙe ya ce to mu je gida. Ta miƙo min jakarta ta ce, “Riƙe min, Umma.”

Ta taka har ƙarshen bencin, ta durƙusa a gaban matar, farar rigar da na goge a kan siminti. Ƙanin ya yunƙura, matar ta riƙe masa hannu. Ban ji abin da Auta ke cewa ba. Matar ba ta ɗago ba, ba ta kuma tashi ta tafi ba. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna kallo, har da abokan aikinta.

Malam ya raɗa min, “Hajiya, mutane na kallo. Bari in ɗago ta.”

Na tare shi da jakar. Na ce, “Su kalla da kyau. Ba mai taɓa min 'ya sai ta kai aya.”